Kwana Goman da Na Ajiye Bakina a Gwandu

Ni dillalin albasa ne a Aliero, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa jarinta baki ne. Manomi ya kawo kayansa daga fadama, baƙo ya zo da kuɗinsa daga Legas ko Onica ko Kwatano, ni kuma in tsaya a tsakaninsu in yi ta magana har wannan ya rage buri, wancan ya ƙara tayi, a sallama, in karɓi la'adata. Na yi shekara 6 ina koyarwa a makarantar firamare kafin in koma kasuwa, don haka idan aka haɗa duka na haura shekara 20 ina ci da harshena. Waya biyu nake riƙewa, kuma a kakar albasa, daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar bazara, da wuya in gama cin abinci ɗayarsu ba ta yi ƙara ba.

Ba wani babban bala'i ne ya kai ni ga i'itikafi ba. A daren biyar ga azumin shekarar 1445, cikin watan Maris na 2024, liman ya sallame asham, na duba zuciyata na tarar ban san ko sura ɗaya daga abin da ya karanta ba, domin tun daga kabbarar farko nake lodin tirela a kaina, ina lissafin buhu nawa za ta ɗauka da abin da 'yan dako za su ci. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ni, sai dai a daren ne na fara jin kunyarsa. Da na ɗaga hannu zan yi addu'a kuma, sai na ji irin muryar da nake roƙon Allah da ita, na gane ita ce dai muryar da nake lallashin baƙo da ita a kasuwa: in jero bukatu, in kawo dalili, in yi alkawarin abin da zan yi idan an ba ni. Na shafa da sauri, na ɗauki takalmina na fita.

Bayan kwana biyu na hau mota zuwa Gwandu wurin wani dattijo aminin mahaifina, wanda a zaurensa na yi karatun fiƙihu ina yaro, kuma har gobe Baba Malam nake ce masa. Da muka gama gaisawa na ce, “Allah gafarta Malam, halwa nake so in shiga.” Ya dube ni ya ce halwar kwana 40 da mutanen ɗariƙa ke shiga da izinin shaihi tana da mutanenta da sharuɗɗanta, ni kuwa in fara da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawwama a kansa, wato i'itikafin goman ƙarshe na Ramadan, wanda yake yi kowace shekara, a shekarar wafatinsa ma ya yi kwana 20. Sa'an nan ya tambaye ni da harshenmu na nan yamma, “To mi kaka biɗa cikin masallaci wanda babu shi gidanka?” Na ce natsuwa. Na ƙara da cewa na ƙudurta yin bakancen kwana goma ba zan ce wa kowa uffan ba, kamar azumin magana da Nana Maryamu ta yi.

Nan take ya rushe mini wannan shiri. Ya ce kame baki ɗungurungum a matsayin ibada ba ya cikin shari'armu, ya tuna mini hadisin mutumin nan Abu Isra'ila da ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba shiga inuwa, ba magana, yana kuma azumi, Annabi ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Shirun da ake so, in ji shi, shi ne na hadisin da kowane ɗalibi ya haddace, cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. “Ka amsa sallama, ka faɗi bukatarka, ka amsa wanda ya tambaye ka. Abin da za ka bari shi ne maganar da kake ƙirƙirowa don kada wuri ya yi tsit.” Ya yi ɗan jim, sai ya ƙara da cewa: “Kai mutumen Aliero ne, garin masu ɗori. Ka taɓa ganin mai ɗori ya haɗa ƙashi da hannunsa? Daidaita shi yake yi, ya ɗaure da kara, ya hana shi motsi, sa'an nan a jira. Mai haɗawa daban ne. Shiru karan ɗori ne, ba shi ne warakar ba.” Na ce na gamsu, alhali kuwa daɗin misalin kawai na ji.

A zama biyu muka maimaita babin i'itikafi na Risala, kuma ya kamata duk mai niyyar shiga ya yi haka, domin da yawa suna shiga da kyakkyawar niyya su ɓata abinsu ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya babu i'itikafi sai da azumi, kuma sai a masallaci, idan kuma Juma'a za ta faɗo cikin kwanakin to sai a masallacin Juma'a, don kada mutum ya fita nemanta. Ana shiga ne kafin rana ta faɗi a daren da za a fara. Ba a fita sai don bukatar ɗan Adam, ba a zuwa dubiyar mara lafiya, ba a bin jana'iza, ba a fita kasuwanci, ba a kusantar iyali dare da rana. Wanda kwanakinsa suka haɗe da Sallah yakan kwana a masallaci daren Idi, daga nan ya wuce filin Idi da safe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa malamanmu sun karhanta wa mai i'itikafi ya shagala da karantarwa ko yawan rubutu, duk da darajar ilimi, an fi so ya tsaya ga salla da zikiri da karatun Alƙur'ani. Tsohon malamin makaranta irina, wanda ya riga ya tanadi littattafai uku da biro, sai da ya mayar da su jaka.

Shirin gida bai ba ni wahala ba. Na biya manoma biyu da ke bi na, na ajiye hatsi da kuɗin cefane da na zakkar kono, na kai hoto da katin shaida da sunan wanda zai tsaya mini ga kwamitin masallacin, kamar yadda ake yi yanzu a wurare da yawa saboda halin tsaro. Uwargidana ta ce idan har na iya kwana biyu cur ban ba wani labari ba, ita za ta yanka zakara. Inda gumi ya karyo mini shi ne lokacin da na miƙa wa ƙanena wayoyin nan biyu da ɗan littafin bashi. Yaro ne mai amana, amma ban taɓa barinsa ya sallama ko buhu ɗaya ba tare da ya ji daga bakina ba, ga shi kuma kasuwa tana tsakiyar ci. Na yi masa bayani sau uku, har ya ce, “Yaya, ka tafi kawai, in ba haka ba rana za ta faɗi kana nan.”

Na zaɓi Gwandu ne don kada abokan ciniki su same ni. Da la'asar ɗin ranar Asabar 20 ga Ramadan, wadda ta yi daidai da 30 ga Maris, na fara biyawa ta hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a garin a 1829, na yi sallama na yi masa addu'a. Na tuna cewa shi ma, wajen 1807, da ya ga zukatan wasu abokan jihadi sun karkata ga duniya, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafi kan tafiyar da mulki, daga baya ya komo ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a har ƙarshen rayuwarsa. Ban kwatanta kaina da shi ba, Allah ya tsare ni da wauta, amma na ji sanyi da sanin cewa gajiya da hayaniyar mutane ba ni na fara ta ba, kuma wanda ya janye yana iya komowa. Kafin magariba na shimfiɗa tabarmata a kusurwar arewa ta wani masallacin Juma'a, da buta, da gidan sauro, da Alƙur'ani, da riga biyu. Mu kusan talatin ne, da ɗan ɗariƙa da ɗan Izala a sahu ɗaya, kowa da igiyar da ya rataya zane ya kewaye wurinsa.

Tsarin da Baba Malam ya ba ni gajere ne. Na zo da burin sauka biyu, ya ce izu uku a yini sun ishe ni, da sharaɗin in karanta kamar wanda aka aiko wa takarda, ba kamar wanda ake bi da bulala ba. Bayan asuba in yi istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, daga nan in ajiye tasbaha in zauna ina fuskantar alƙibla har rana ta ɗaga, ba karatu, ba roƙo. Haka kuma bayan la'asar zuwa gab da shan ruwa. Don wannan zama ya ba ni kalmomi uku da aka ruwaito cewa kawun Sahlu ɗan Abdullahi Attustari, ɗaya daga manyan sufayen farko, ya koya masa yana ƙaramin yaro: Allah yana tare da ni, Allah yana dubana, Allah shaida ne a kaina. An ce ya fara da sau uku a kowane dare, da zuciya ba tare da motsa harshe ba, aka ƙara masa zuwa bakwai, sa'an nan sha ɗaya. Baba Malam ya ce in faɗe su a zuci, in na faɗa kuma in tsaya, in bar wurin fanko, kada in yi gaggawar cika shi.

Kwana ukun farko su ne mafi muni, kuma ba zafi ne ya sa ba, ko da yake bazarar wannan shekarar ta haura digiri 40 kusan kullum, bangon masallaci yana fitar da huci har tsakar dare. Kame harshe ya zo mini da sauƙin da ban zata ba, domin babu wanda ya san ni balle ya ja ni da hira. Amma da bakin ya tsaya, sai na ji kasuwar Aliero gaba ɗaya ta taso ta sauka a ƙirjina. Hannuna yakan kai aljihu da kansa don na ji kamar waya tana motsi, alhali aljihun babu komai sai asawaki. Akwai wani ɗan garinmu da ke karɓar mini kaya a Onica, wanda ya riƙe mini kuɗin buhu 120 tun bara yana ta kawo uzuri. Wannan mutum ya zama abokin zamana. Da zarar na ce a zuci Allah yana tare da ni, sai ya bayyana, in fara yi masa bayani, ya musa, in kawo shaidu, in kai shi gaban uban ƙasa, in yi nasara, in sake ɗauko shari'ar daga farko da hujja mafi ƙarfi. Sai in farga rana ta ɗaga, na yi sa'a guda ina husuma a cikin ɗakin Allah ba tare da leɓena ya motsa ba.

A rana ta uku, da Baba Malam ya zo la'asar, na matsa kusa da shi na faɗa masa cewa abin ba ya yi, zuciyata ta fi lalacewa a nan fiye da a kasuwa. Ya ce ba lalacewa ta ƙara ba, ji ne na fara yi, kamar mai gida kusa da injin niƙa wanda ba ya sanin ƙarar ƙofarsa sai ranar da injin ya tsaya. Ya bayyana mini cewa masana wannan fanni sun kasa abin da ke ɗarsuwa a zuciya gida huɗu: wanda ke zuwa daga Ubangiji, da na mala'ika, da na son rai, da na Shaiɗan, kuma alamar na son rai ita ce naci a kan abu ɗaya, shi kuwa Shaiɗan idan ka rufe masa wannan ƙofa sai ya zagayo ta waccan. Na tambaye shi yadda zan kori mutumin Onica. Ya ce, “Kada ka kore shi, kora ma hira ce. Ka gan shi, ka san ya zo, ka koma ga kalmarka. Baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba ba ya kwana.” Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani a duk kwanakin, kuma ba ta da wani asiri face maimaici: ya zo, in lura, in koma, ya sake zuwa, in sake komawa, wataƙila sau hamsin a zama ɗaya. Tazarar da ke tsakanin zuwansa da fargata ita ce ta riƙa raguwa, ba yawan zuwan ba.

Daga rana ta huɗu na fara samun 'yan guntayen lokuta da kaina ke yin tsit, in ji kukan kurciya a kan rufi da saukar ruwa daga butar wani a waje, kowane sauti a wurinsa. Sai kuma wata cuta ta ɓullo wadda ta fi ta farko dabara. Na soma duban sauran masu i'itikafi. Ga wasu samari huɗu da suka shigo da wayoyinsu, suna hira ƙasa-ƙasa daga bayan tahajjud har sahur. Ga wani attajiri da ake kawo wa kuloli biyar da ƙanƙara da magariba. Ga wani tsohon Bafulatani a gefena, mai tari, wanda ban taɓa ganin ya buɗe Alƙur'ani ba, zaune kawai yake da tasbahar katako yana kallon ƙasa. Kowa na auna shi na sa masa farashi, ni kuma na sa kaina a sama, mutumin da ya bar tirela cike da kaya ya zo ya yi shiru. Ban kai wa Baba Malam wannan ƙara ba, shi ne ya gani a fuskata, ya ce da ni yana sa takalmi, “Bakinka ya huta, idonka ya karɓi aikin.” Na ji maganar nan har cikin ƙashina, domin gaskiya ce, kuma dillanci ne dai nake yi, kayan ne kawai suka canza.

Limamin tahajjud yana karanta kusan izu 6 kowane dare domin a sauke a cikin goman, don haka a dare na shida muka iso Suratu Maryam. Ana cikin raka'ar farko aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Fankoki suka tsaya, lasifika ta mutu, masallaci ya yi duhu, ya rage muryar liman tsurarta, siririya, daga can gaba. Mu da ke sahun baya dole muka riƙe numfashi don mu ji. Ban taɓa sauraron Alƙur'ani haka ba a rayuwata, ina miƙa kunne ina tsoron kada kalma ta wuce ni, kuma a nan na san bambancin ji da saurare, na gane dalilin da ya sa ayar nan da ke gab da ƙarshen Suratul A'arafi ta haɗa umarni biyu, ku saurara kuma ku yi shiru. Liman ya karanta yadda Annabi Zakariyya ya kira Ubangijinsa kira a ɓoye, ya ambaci raunin ƙashinsa da furfurar kansa, aka yi masa bushara da Yahaya, ya nemi alama, aka ce alamarsa ita ce ba zai yi wa mutane magana ba dare uku alhali lafiyarsa ƙalau. Na sha karanta wannan wuri, amma ban taɓa lura da jerin ba sai a daren: busharar ce ta riga zuwa, shirun ya biyo baya. Ba shirun ya biya aka ba shi ɗa ba. Ni kuwa tun ranar da na shigo na ɗauki shiruna a matsayin kuɗi, na ajiye kwana goma a kan tabarma ina jiran a auno mini natsuwa daidai da su, har ina ƙorafin an jinkirta mini kaya. Da liman ya kai inda aka ce wa Nana Maryamu ta yi shiru, ta nuna jaririn kawai, a bar kariyarta ga wanda ya fi ta iya karewa, sai na tuna shari'ata da mutumin Onica, wadda na yi ta ci ina sakewa, hawaye suka zubo mini ba tare da na kira su ba.

Zan yi ƙarya idan na ce daga nan komai ya buɗe. Kashegari Juma'a ce, kuma daren da ya biyo bayanta shi ne na 27, masallaci ya cika ya batse har kan titi. Na shiga daren da tsammanin abin da ya fi na jiya, na yi ta maimaita addu'ar da Annabi ya koya wa Nana A'isha, cewa ya Allah kai mai afuwa ne kana son afuwa, ka yi mini afuwa, amma ba abin da na samu sai ciwon kai da gyangyaɗi da ƙafar wani a kan yatsuna. Da na faɗa wa Baba Malam, bai ko tausaya mini ba. Ya ce, “Da wa ka yi cinikin cewa daren nan za a sallama maka?” Ya ce buɗe zuciya ba shi ne ka buɗe ta ga abin da ka riga ka zaɓa ba, shi ne ka zauna a bakin ƙofa, abin da aka miƙo ka karɓa, ko daɗi ko bushewa, ranar da ba a miƙo komai ba kuma ka san mai gidan yana nan.

A dare na takwas, bayan tahajjud, ina zaune ina jiran almajirin da ke kawo mini tuwon shinkafa na sahur daga gidan Baba Malam, tsohon nan mai tari ya juyo ya ce, “Ɗana, kai daga ina?” Da a kwana na huɗu ne, da na amsa da kalma ɗaya na juya masa ƙeya don in tsare shiruna. Na ce daga Aliero, Baffa. Sai ya fara magana a hankali, ba tare da na tambaye shi ba. Daga yankin Gummi yake, ta Zamfara. Ɓarayin daji sun kore masa shanu a dare ɗaya, garken da ya gada daga mahaifinsa, sun tafi da ɗansa babba wanda ya bi sawunsu, yau shekara biyu babu labari, ba a ce ya mutu ba balle a yi zaman makoki. Yana faɗa yana tsayawa, wani lokaci tsayawar ta yi tsawon da zan iya karanta Fatiha sau uku. A kowace tsayawa bakina yana cika da abin faɗa: ayar haƙuri, labarin wani da aka sako bayan shekara uku, shawarar wanda ya kamata ya gani, duk ga su a kan harshena a jere, domin cike irin wannan gurbi shi ne sana'ata. Na yi musu abin da nake yi wa mutumin Onica, na gan su, na bar su suka wuce. Kuma kowane lokaci da na bar gurbin, sai tsohon ya ci gaba da abin da ya fi na baya zurfi, har ya kai ga abin da nake jin bai taɓa faɗa wa kowa ba, wato shi ne ya ce wa yaron ya bi su.

Ban san abin da ake cewa a nan ba, don haka ban ce komai ba, na dai matsa na zauna daf da shi. Can na tambaye shi abin da yake roƙo duk tsawon zaman da nake gani yana yi. Ya ce shekarar farko ya roƙi a dawo masa da ɗansa, ta biyu ya roƙi ko gawarsa ce a nuna masa, yanzu kuwa roƙon ya ƙare masa, bai san wanne ne alheri ba. “Ka san saniya a bakin rijiya?” in ji shi. “Ba ta jan guga. Tsayuwa take yi, ta san mai ita ya gan ta.” Almajiri ya shigo da kwano, muka ci tare, ya kwanta ya yi barci kafin a kira assalatu, har sai da na tashe shi. Wannan shi ne mutumin da na sa wa farashi mafi ƙasa a masallacin.

Ranar Litinin 29 ga wata aka duba ba a ga jinjirin Shawwal ba, sanarwa ta zo daga fadar Sarkin Musulmi cewa za a cika talatin, Sallah sai Laraba 10 ga Afrilu. Samarin nan suka yi tsaki, ni ma rabin zuciyata ta riga ta tafi gida, amma ɗaya rabin ta yi murna da ƙarin yinin. Zaman safiyar Talata shi ne mafi sauƙi a duk goman, ba don na ga wani haske ko na ji wata murya ba, ban ga komai ba, sai dai na zauna na faɗi kalmomin nan uku, na tsaya, kuma tsayawar ba ta dame ni ba. Na kwana a masallaci daren Idi kamar yadda littafi ya ce, da safe na yi wanka na sa rigata ta biyu muka fita da kabbara. Hasken titi da ƙarar babura suka dake ni kamar wanda ya tashi daga jinya. A filin Idi cunkoso ya raba ni da Baffa, ban sake ganinsa ba, kuma sai a mota na tuna ban tambaye shi inda yake zaune ba.

Kashegarin Sallah ƙanena ya zo zaure da wayoyi da littafi. Ya fara da cewa akwai tirela ɗaya da ya sallama ƙasa da farashin da na bar masa. Na ji maganar ta taso mini tun daga ciki, cikakkiya da misalanta da tarihin duk kurakuransa, har na buɗe baki. Sai na ce, “To, sai aka yi yaya?” Ya ɗago ya dube ni kamar bai gane ni ba, sa'an nan ya bayyana cewa albasar ta fara zubar da ruwa saboda zafi, da ya jira kwana biyu da rabinta ya ruɓe. Ban tabbata haka ne ba har yau, ina jin da ya ƙara matsawa da an ƙara masa wani abu, amma na bar shi ya kai ƙarshe, kuma a cikin bayanin na ji sunayen manoma uku da suka fi son hulɗa da shi fiye da ni, abin da ban taɓa sani ba. Waya ɗaya na karɓa, na bar masa ɗayar.

Kafin mako biyu bakina ya koma aikinsa, uwargida kuma ta ce zakaranta ya tsira tun da ba ta da shaidar abin da ya faru a Gwandu. Abin da ya rage mini shi ne zaman bayan asuba, wanda ya taƙaita zuwa kamar minti 20 a kusurwar masallacin unguwarmu kafin motocin farko su iso kasuwa, wata rana in samu, wata rana in makara. Mutumin Onica har yau bai biya ba, kuma mafi yawan safiya shi ne yake fara zuwa.